Amsa: Nafkin na yadi ga sabon jariri

'Yar'uwa, kin tambaya ko za ki iya sa wa jaririnki nafkin na yadi tun daga haihuwa saboda tsadar famfas. Ƙwarai kuwa, za ki iya, kuma ba ya cutar da shi. Ki nemi na auduga zalla mai laushi kamar dozin 2, ana samu a kasuwar Wunti nan Bauchi, domin sabon jariri yakan ɓata 8 zuwa 12 a kwana ɗaya. Ki riƙa naɗe shi ƙasa da cibiya har ta faɗi ta warke.

Sharaɗin dai shi ne canji da wuri. Yadi ba ya janye fitsari daga fata, to da ya jiƙe ki cire, ki wanke masa da ruwan ɗumi, ki tsane, ki shafa man kaɗanya. Ni da na bar wa ɗiyata wandon roba a kai lokacin zafin watan Afrilu, cinyoyinta suka yi jawur, abin ya tsaya min a rai. In kin wanke nafkin ɗin, ki ɗauraye sabulu sosai, ki shanya a rana. Da damina kuwa, in bai bushe ƙayau ba, ki bi shi da guga.