Amsa kan yadda ake rainon ƙwayoyin kansar mama a lab

Malama Hajara kin tambaya ko da gaske ne ana raina ƙwayoyin kansar mama a kwalba, eh wallahi gaskiya ne. Wanda aka fi sani sunansa MCF-7, a 1970 aka ɗebo shi a Detroit ta Amurka daga ruwan da ya taru a ƙirjin wata mata 'yar shekara 69, har yau jikokin ƙwayoyin nan suna raye a lab-lab na duniya. Shi yana jin sinadarin estrojin, wato homon ɗin da jikin mata ke samarwa, shi yasa ake gwada magani irin su tamoxifen a kansa. Akwai kuma MDA-MB-231 na birnin Houston, shi ma a Amurka, wannan ba ruwansa da estrojin, mugun saurin yaɗuwa gare shi.

Rainon kamar na jinjiri ne fa. Za ki zuba su a gorar roba mai faɗi da wani ruwa ja-ja mai sikari da gishiri da ruwan jinin ɗan maraƙi, ki sa a inkubeta mai zafin jikin mutum, digiri 37, su manne a ƙasa suna ta rabuwa, in kika ga ruwan ya koma rawaya to sun cinye abincin ko kuma ƙwayar cuta ta shiga, in ƙwayar cuta ce aikin makonni ya tafi kenan. In sun cika sai a ɓamɓaro su da wani sinadari mai suna trypsin a raba.

Abin da ke damuna shi ne yawancinsu daga jikin Turawa aka samo su, alhali irin kansar nan mai taurin kai da ba ta jin maganin homon ta fi yawa a matanmu na Afirka ta Yamma. Allah Ya ba mahaifiyarki lafiya 'yar uwa.