Yawan kotisol a jiki: daga ina matsalar take fitowa?

Likita, fuskata ta cika ta yi zagaye, kitse ya taru a bayan wuyana kamar tozo, ga nankarwa masu faɗi da duhu a cikina. An ce mini ciwon Cushing ne. In je in yi hoton kai? (Wata baiwar Allah daga Zariya)

'Yar'uwa, dakata da maganar hoto tukuna. Me kike sha, me kike shafawa? Ciwon Cushing shi ne yawan kotisol, wani sinadari da jiki ke samarwa, kuma mafi yawan masu shi daga magunguna masu aiki irin na kotisol suka same shi: deksametazon da firedinisolon da ake saya a kemis don ƙiba ko ciwon gaɓɓai, da man bilicin mai sinadarin kulobetazol. Idan kina amfani da ɗayansu, kwashe su ki kai wa likita, kuma don Allah kada ki daina rana ɗaya, yin hakan yana iya kai mutum ga halaka. A hankali ake rage su.

In ba magani ba ne, sai a tabbatar kotisol ɗin ya yi yawa da gaske. Ana tara fitsarin awa 24, ko a auna yawu da tsakar dare, ko a ba ki deksametazon miligiram 1 da ƙarfe 11 na dare a ɗebi jini da ƙarfe 8 na safe. A jikin mai lafiya kotisol ɗin jini zai sauka ƙasa da nanomol 50 a lita. Gwaji biyu ake so su yi daidai kafin a yanke hukunci.

An tabbatar wa matata da yawan kotisol, amma an sake cewa a auna ACTH. Wannan ba ɓarnar kuɗi ba ce? (Wani magidanci daga Maraɗi)

Malam, wannan gwajin ne ma zai tsare maka aljihu. Halittar adirinal da ke saman ƙoda ce take samar da kotisol, amma umarni take jira daga wata halitta, fitutari, da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, kuma sinadarin ACTH da fitutari ke fitarwa shi ne umarnin. Idan ya yi ƙasa sosai, adirinal ce take gaban kanta, sai a yi hoton CT na ciki. Idan yana daidai ko ya hau, sai a nufi fitutari da hoton MRI, domin kusan kashi 70 cikin 100 na waɗanda jikinsu ne ya haifar da ciwon a can matsalarsu take. Wannan nau'in ne Harvey Cushing, likitan tiyata na Amurka, ya bayyana a 1932.

Hoto shi kaɗai yana yaudara, shi ya sa nake jin takaici idan aka fara da shi. Kusan mutum ɗaya cikin goma masu lafiya yana da ɗan ƙari a fitutari wanda ba ya cutar da shi, sannan ƙarin da ke jawo ciwon wani lokaci ƙanƙantarsa ba ta bari a gan shi. Idan aka shiga wannan ruɗani, sai a zura siririyar roba ta jijiyar matsematsi har zuwa jijiyoyin da ke kwaso jini daga fitutari, a gwada ACTH ɗinsu da na hannu. In ACTH na jijiyoyin fitutari ya ninka na hannu sau biyu, ko sau uku bayan allurar zaburar da fitutari, daga fitutari ne. In bai ninka ba, sai a bincika ƙirji, don wasu ƙari na huhu su ma suna fitar da ACTH.

Ina shan maganin tarin fuka da ƙwayar tazarar haihuwa, an rubuta mini gwajin deksametazon. Akwai matsala? (Daga Gwambe)

Akwai, Hajiya. Rifamfisin da ke cikin maganin tarin fuka yana sa hanta ta narkar da deksametazon da wuri, ƙwayar tazara mai istirojin kuma tana ɗaga kotisol ɗin da ake gani a jini. Kowannensu zai iya nuna ciwon da babu shi. Kada ki tsayar da maganin tarin fuka. Sanar da likitanki ya mayar da gwajin na fitsari ko na yawu.