Li'irabin Shafin Intanet da Bishiyarsa

Wani ɗalibin kwamfuta daga Zariya ya tambaya: "Malam, idan manhaja ta karanta rubutun HTML ta rarrabe sassansa, mukan ce ta yi 'fasin'. Akwai Hausarsa?"

Akwai, ɗana, kuma ta girme ka nesa ba kusa ba. Li'irabi ake cewa. Daga Larabci muka aro ta, ta hanyar malaman zaure masu koyar da nahawu, inda almajiri ke ɗaukar jimla ya faɗi matsayin kowace kalma. Masana nahawun Hausa na jami'o'inmu suka faɗaɗa ta, har suka sa wa zanen da ke nuna ginin jimla suna "bishiyar li'irabi". Ɗauki "Audu ya sayi doki": jimla tana sama, ta rabu gida biyu, yankin suna da yankin aiki, shi kuma yankin aiki ya sake fitar da rassa. To, abin da manhajarku ke yi ke nan. A HTML, wato harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi, alamar html ce tushe, head (kai) da body (gangar jiki) suka tsiro daga jikinta, a cikin body ga sakin layi, ga hoto, ga mahaɗi, rubutun kansa kuwa shi ne ganye. Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro HTML a cibiyar CERN da ke kusa da Janiba wajen 1990, sannan ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta daidaita wannan tsarin bishiya da sunan DOM a 1998.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, sashen Hausa da sashen kwamfuta suna harabar jami'a ɗaya, amma yaro zai gama digiri yana "fasin, fasin" bai taɓa taka ƙafa ya tambaya ba. Ba na ƙin aro. Kwamfuta aro ce, li'irabin ma aro ne. Amma mai hatsi a rumbu ba ya zuwa rance. Ku ce "manhaja ta yi wa shafin li'irabi", duk wanda ya zauna gaban malamin nahawu zai gane.

Wata malamar makaranta daga Maraɗi ta ce: "Wace irin bishiya ce tushenta a sama?"

Irin ta salsala ce, Malama. Kaka a sama, jikoki a ƙasa. Shi ya sa ake kiran sassan uwa, 'ya'ya da 'yan'uwa. A ce "uwa", kada a ce "iyaye", don kowane reshe daga wuri ɗaya tak ya fito.

Wani ya ce ko "feɗe biri har wutsiya" ya dace da wannan aiki.

A'a. Wannan karin magana na mai fayyace zance ne ba tare da ɓoye komai ba. Kuma abin da aka feɗe ba ya komawa yadda yake, alhali daga bishiyar ana iya sake fitar da shafin.

Sai mai tambaya kan zaɓuɓɓukan da ake ba manhajar kafin ta fara aiki: "saiti" ko "zaɓi"? Kuma me za a kira manhajar da ba ta damu da kuskure ba?

Duka biyun sun zauna. Zaɓi shi ne abin da aka shimfiɗa maka, saiti shi ne yadda ka daidaita shi. Masu aiki da manhajar Beautiful Soup a harshen kwamfuta na Python sukan zaɓa tsakanin masu li'irabi irin su html.parser, lxml da html5lib, kuma shafi ɗaya mai alamar da aka buɗe ba a rufe ba yana iya ba da bishiya daban a hannun kowanne.

Game da rabin tambayar na biyu, na ji wasu na cewa "mai sakaci". Kuskure ne babba. Sakaci na marubucin da ya bar alama a buɗe ne. Manhajar sassauci take yi: ta ga ɓarakar, ta ɗinke ta, wata ma bisa ƙa'ida, don HTML5, tsarin HTML wanda W3C ta amince da shi a 2014, ya tsara dalla-dalla abin da za a yi da kowane irin kuskure. Kishiyarta ita ce mai tsanani, irin ta XML (wani harshen alamomi mai kama da HTML), wadda da ta ci karo da alama ɗaya a karkace sai ta tsaya cak ta kai ƙara. Don haka a rubuta "saitin sassauci" da "saitin tsanani".