Ƙananan kayan da ba sa barin aljihu

Malam, ka tambayi ƙananan kayan da ya kamata mutum ya riƙa yawo da su da yadda ake kula da su. Ni uku nake ɗauka: tocila, ƙaramar wuƙa mai naɗewa, da tasta, wadda ke duba wuta kuma ta kwance ƙaramin sukuru. Wajen sayen wuƙa, buɗe ta ka girgiza. In bakin yana rawa a mahaɗa, ajiye musu abarsu. Da damina tsatsa ke cinye ta, don haka goge ta ta bushe, ka ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya a mahaɗar. Tocila kuwa, in za ta daɗe a ajiye, cire batirin, yakan zubo ruwa ya lalata cikinta.