Uwa Maraɗi, Uba Jibiya: Ni 'Yar Ina Ce?

Tambaya: Malam, mahaifiyata 'yar Maraɗi ce, mahaifina mutumin Jibiya. Idan na je Maraɗi sai a ce ga 'yar Najeriya, a gida kuma ana min tsiya wai 'yar Nijar ce. Wace ƙasa ce tawa? (Daga wata ɗaliba a Katsina)

Amsa: 'Yata, a doka dai babu gardama. Sashe na 25 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ki zama 'yar Najeriya ta haihuwa, tunda mahaifinki ɗan ƙasa ne.

Masu yi miki tsiya kuwa, a tuna musu tarihi. Sarakunan Katsina na Haɓe da jihadi ya kora su ne suka kafa sarautar Maraɗi, shi ya sa har gobe ake kiran mai sarautar garin Sarkin Katsina. Iyakar da ke tsakanin Jibiya da Ɗan Issa, Ingila da Faransa ne suka shata ta a farkon ƙarni na 20, ba su tambayi kakan kowa ba.

Sai dai ban yarda da masu cewa iyaka zane ne kawai a takarda ba. Tun 1960 yaron Maraɗi da Faransanci yake karatu, da sefa yake cefane, ke kuwa Turanci da naira. Shekara sittin da ɗoriya na irin wannan zama suna gina ƙasa a zukatan mutane. Da aka rufe iyaka a Agustan 2023, bayan juyin mulkin Yamai, dangi sun ji a jikinsu.

Ki yanki katinki na shaidar zama 'yar ƙasa, wato NIN, kuma kada ki yanke zumunci da kawunnanki.