Bai Faɗi Kuɗi Ba, Sai Na Biya Shi?

Tambaya: Malam ɗan baffana ne mai aikin wuta, ya min wayarin ɗin gidana gabaɗaya, ni na sayi kaya, ba mu yi maganar kuɗi ba ko sau ɗaya, na ɗauka zumunci ne. Yanzu ya aiko wai in ba shi kuɗin aikinsa. Dole ne a shari'a?

Amsa: Ɗan'uwa ai kai da kanka ka ce "mai aikin wuta ne", to nan hukuncin yake. Da maƙocinka ne ya kama maka ɗaga buhun siminti ba ya binka komai. Amma mutumin da sana'arsa ce, da ita yake ciyar da iyali, ka kira shi ya bar wasu ayyukan yana fasa bango yana jan waya, to yana da abin da ake cewa ujratul misli, wato abin da ake biyan irinsa a garinku. Abin da al'ada ta san da shi kamar an sharɗanta shi ne. Sai dai in da bakinsa ya ce kyauta ne, kai kuma ba ka ce ya faɗa ba, cewa ka yi "na ɗauka".

Wani zai ce maka ai akwai maganar Abu Hanifa, kuma ita ce ingantacciya a wajen Shafi'iyya, cewa in ba a ambaci lada ba babu lada. Eh akwai, amma kar ka fake da ita. Hujjarsu wai shi ya ba da aikinsa bai nemi komai ba. To yaushe shirun ɗan'uwa ya zama yafewa, a wajenmu ma da kunya ke hana mutum yi wa nasa ciniki? Muhammad bin Hasan ɗalibin Abu Hanifa ma ya saɓa masa, ya ce in an san mutum da sana'ar a biya shi, kuma a kan wannan Hanafiyya ke fatawa. Kai da kanka kana zama gaban wanzami ba ciniki, in ya gama ka biya, ba ka taɓa cewa ba mu yi magana ba.

Ku samu masu aikin wuta biyu amintattu su ƙiyasta kuɗin. In ya yi maka ragi alhamdulillah, amma kar ka aika baffan naka ya matsa masa, yafewar da aka karɓa da kunya ba ta da daɗin ci. Kuma kar ka ƙaurace masa don ya tambaya, mai yiwuwa sai da ya matsu sosai kafin ya iya aikowa. Shi ma a gaya masa gaba ya riƙa faɗin kuɗinsa tun kafin ya ɗauki guduma.

Wallahu a'alam.