Tambayoyinku: P0171 ba sunan kayan gyara ba ne

Tambaya daga wata Hajiya a Aboabo: Wayata kullum tana cewa ta cika, ko hoto ɗaya ba ta ɗauka.

Hajiya, WhatsApp ne. Bidiyon gaisuwar Juma'a da na biki da ake turo miki a gurup goma duk suna nan kwance. Ki shiga saitin WhatsApp wajen ma'ajiya ki goge manyan, sannan ki kashe saukar da bidiyo da kansa.

Tambaya daga wani mai taksi a Asawase: Malam, Corolla ce ta 2006, ta wuce kilomita 300,000. Wutar cek injin ta kama, na sa ɗan ELM327, na'urar karanta matsalar mota, na haɗa da manhajar Torque a wayata ya nuna kod P0171. Na canza oksijin sensa, na goge kod ɗin, bayan kwana kaɗan ya dawo. Yanzu masta ya ce famfon mai ne, in saya?

Ɗan'uwa kar ka saya tukuna. Wallahi wannan abu yana ci min rai, mutum ya sayi na'urar nan ya ga kod, sai ya ruga Suame Magazin, kasuwar kayan gyaran mota ta Kumasi, kamar an rubuta masa sunan magani a asibiti. P0171 ba ta ce sensa ta mutu ba. Abin da ta ce shi ne iska ta yi wa fetur yawa a injin. Injin fetur yana son kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, sensar ta ga an kauce ta faɗa wa birenbos, wato kwamfutar motar, shi kuma ya yi ta ƙara mai har ya kai iyakarsa ya kunna wuta. Wato sensar da ka cire aikinta take yi, kai kuma ka kore ta.

Abu na biyu, goge kod da ka yi. A daina wannan don Allah! Duk sanda ka goge, ko ka cire kan batir, ka share bayanan da motar ta ajiye na lokacin da matsalar ta faru, gudun injin nawa, zafinsa nawa, kuma ka mayar da lissafin mai sifili. Ni dokata ita ce a ɗauki sikirinshot kafin a taɓa komai, a ajiye shi da kwanan wata.

Yanzu ga aikin. Tunda ka goge, yi yawo da ita kwana biyu lissafin ya dawo. Ka bar injin ya yi zafi sosai, ka buɗe Torque ka fito da STFT da LTFT, su ne ke nuna yawan man da birenbos ke ƙarawa ko ragewa, ka haɗa su biyun. In jimlar ba ta wuce kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa ba, lafiya lau. Taka za ta kai 20 ko fiye. Duba a silo, wato injin na aiki ba ka taka totur ba, sannan ka taka totur ka riƙe gudun injin a 2500 ka sake dubawa.

In a silo lambar tana sama amma da ka taka ta sauko, to iska ce ke satar hanya ta shiga bayan eyafulo sensa, mai auna iskar da ke shiga injin, ba a auna ta ba. A mota mai wannan shekaru roba ta gama bushewa, duba babban tiyon da ya taso daga akwatin iyafilta, ka lanƙwasa shi da hannu ka leƙa cikin ninkinsa ta ƙasa, nan yake tsagewa inda ido ba ya kaiwa. Duba ƙaramin tiyon PCV, wanda ya taso daga murfin saman injin zuwa manifol. Kuma wannan injin naka, 1ZZ, an san shi da gaskit ɗin manifol mai taurarewa yana zuƙar iska, musamman da safe injin na sanyi. In ka samu masta mai injin hayaƙi ya hura a ciki, inda hayaƙin ya fito nan ne. Masu fesa maganin wankin kafireto suna sauraron canjin ƙara su ma suna dacewa, amma wuta yake kamawa, kar a yi shi kan injin mai zafi.

In kuma a silo ba laifi, sai ka taka ne lambar ke hawa, to ko eyafulo ce ke ƙaryar awo ko mai ba ya isowa. Fara da mai araha. Ƙurar hunturu da iyafiltar da yaran gareji ke kakkaɓewa su mayar shekara da shekaru, ita ke lulluɓe siririyar wayar da ke cikin sensar, sai ta auna iska ƙasa da wadda ta shiga. Sukurori biyu ne, ciro ta, fesa mata maganinta na musamman, kar ka sa tsumma kar ka sa yatsa, ta bushe ka mayar. Sai in wannan bai yi ba a sa geji a auna ƙarfin mai, geji ne zai ce famfo ne ko nozul ne suka toshe, ba kunnen masta ba. Ka sa a duba salansa ma, in akwai huda kafin wajen oksijin sensar, iskar waje na shiga ta ruɗe ta.

Kuma kar ka ce ai motar na tafiya ka manna baƙin salatif a kan wutar. Injin da mai bai ishe shi ba zafi yake ƙarawa, ya fara tsallen wuta, a ƙarshe ya iya ƙona bawul, kai da ke hawa da sauka da fasinja tsakanin Kejetia da Tafo tun asuba.

Masu V6 irin Camry da Highlander, in kun ga P0171 da P0174 (irin wannan kod ne na ɗaya ɓangaren injin) tare, ku nemi abin da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kai, eyafulo ko babban tiyo ko famfo. Kai kuma mai taksi, turo min lambobin biyu, na silo da na 2500, mu gani.

Tambaya daga wani ɗalibi a Nima, Accra: Na sayi ELM327 mai shuɗin nan, iPhone ɗina ya ƙi ganinsa.

Ba zai gani ba ƙanena, irin tsohon Bluetooth ɗin nan da Android yake aiki. Nemi mai WiFi ko mai BLE, sabon nau'in Bluetooth, ka sa manhajar Car Scanner, don Torque babu shi a iPhone. Kuma ka riƙa zare shi in ka ajiye mota, yana shan batir.